Mulkin Buhari, 2015 zuwa 2023: zaɓuɓɓuka, manufofin cikin gida da hulɗa da ƙasashen waje

Muhammadu Buhari ya yi shekara takwas yana shugabancin Najeriya a mulkin farar hula, daga 29 ga Mayu 2015 zuwa 29 ga Mayu 2023. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi masa sutura a Daura bayan kwana biyu. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa. Yanzu da hayaniyar siyasa ta ɗan lafa a kansa, na ga ya dace mu ajiye bayanin mulkinsa wuri guda, da ranaku da alƙaluma, domin 'yan uwanmu mazauna Kurmi su samu abin dubawa idan gardama ta tashi a majalisa.

Ni ɗan Tafa ne, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma sana'ar gidanmu fataucin shanu ce. Tirelolin da ke ɗauko dabbobi da kayan gwari daga Arewa ta nan suke wucewa. Wasu su karya a mahaɗar Dikko su bi Lambata da Bida da Mokwa da Jebba zuwa ƙasar Yarbawa, wasu su miƙe Zuba da Lokoja zuwa Gabas. Saboda haka ma'aunin da zan riƙe shi ne wannan hanya: me kowace manufa ta yi wa mai kaya a Arewa, me kuma ta yi wa wanda ke jiran kayan a Legas ko Badun ko Anacha.

Kafin ya hau

An haifi Buhari a Daura ranar 17 ga Disamba 1942. Ya yi mulkin soja daga 31 ga Disamba 1983 zuwa 27 ga Agusta 1985. Abubuwa biyu da ya yi a wancan zamanin sun cancanci a riƙe su, domin sun sake dawowa: a 1984 ya canza launin takardun naira cikin gaggawa, ya kuma rufe iyakokin ƙasa. Rufewar ta zo daidai da fari a Sahel, har a wasu yankunan Nijar ana kiran yunwar wannan lokaci da sunan El-Buhari.

Ya nemi shugabanci sau uku bai samu ba: 2003 da 2007 a jam'iyyar ANPP, sai 2011 a CPC. Zaɓen 2011 ba ya mantuwa a yankinmu. Ranar 8 ga Afrilu bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ya kashe mutane ciki har da masu yi wa ƙasa hidima. Bayan sanar da sakamako kuma rikici ya ɓarke a jihohin Arewa, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum sama da 800 ne suka mutu.

A 2011 Buhari ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 12, ya ci jihohi 12, duk a Arewa. Amma tsarin mulki bai tsaya kan yawan ƙuri'a kawai ba. Dole ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ƙuri'ar Arewa ita kaɗai ba ta kai mutum fadar Aso Rock. Wannan ne ya sa a 2013 CPC da ANPP da ACN ta su Bola Tinubu da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, daga baya wasu gwamnonin PDP suka bi su.

Zaɓen 2015

An shirya zaɓen ranar 14 ga Fabrairu, aka ɗage shi zuwa 28 ga Maris da hujjar yaƙi da Boko Haram. A karon farko hukumar INEC ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta yi amfani da na'urar tantance katin zaɓe. Buhari, tare da mataimakinsa Farfesa Yemi Osinbajo, ya samu ƙuri'a 15,424,921, Goodluck Jonathan na PDP ya samu 12,853,162. Buhari ya ci jihohi 21. A Kano kaɗai ya kwashi sama da miliyan 1.9. A Kudu maso Yamma ya ci Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo, Ekiti ce kawai ta kuɓuce masa.

Ranar 31 ga Maris, tun ba a gama sanar da sakamako ba, Jonathan ya buga masa waya ya taya shi murna. Karon farko ke nan a tarihin Najeriya da shugaba mai ci ya sha kaye a akwati ya kuma miƙa mulki. Waɗanda ke zaune a Kudu sun fi kowa sanin darajar wannan wayar. Kafin zaɓe mutane da yawa sun kwashe iyalansu sun yi gida, Hausawa suna hawa Arewa, Inyamurai suna gangarawa Gabas, kowa na tsoron abin da zai biyo baya. Ni lokacin ban isa jefa ƙuri'a ba, amma na ga motoci maƙare da katifu da tukwane suna wucewa ta garinmu ta kowane ɓangare.

Alƙawura uku ya yi wa jama'a: tsaro, tattalin arziki, da yaƙi da cin hanci. A bayanin kadarorin da fadarsa ta fitar a 2015 akwai shanu 270. A kara an yi ta cewa ai namu ne ya hau, ya san zafin saniya.

Zaɓen 2019

Wannan ma an ɗage shi, daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, kuma cikin dare aka sanar, 'yan sa'o'i kafin a buɗe rumfuna. Duk wanda ya biya kuɗin mota daga Legas ko Fatakwal don ya je gida ya yi zaɓe ya ji a jikinsa. Buhari ya samu 15,191,847, Atiku Abubakar na PDP ya samu 11,262,978. Buhari ya ci jihohi 19, amma ya rasa Oyo da Ondo. Atiku ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar ranar 30 ga Oktoba 2019.

Abin lura shi ne yadda fitowar masu zaɓe ta yi ta raguwa: kimanin kashi 44 cikin 100 a 2015, kashi 35 a 2019, sannan ƙasa da kashi 30 a 2023. A ɓangaren doka, ya sa hannu kan dokar rage shekarun tsayawa takara a Mayun 2018, da sabuwar dokar zaɓe a Fabrairun 2022, wadda ta ba na'urar BVAS gindin zama.

Tsaro

Farko-farko an ga canji. An mayar da cibiyar yaƙi Maiduguri, aka ƙarasa ƙwato garuruwan da Boko Haram ta mamaye, bama-bamai a kasuwanni da tashoshin mota na Kano da Kaduna da Abuja suka yi sauƙi. Mu da ke kusa da Madalla da Suleja mun san bambancin. An sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016, da wasu 82 a Mayun 2017. Amma yaƙin bai ƙare ba. A Fabrairun 2018 aka sace 'yan mata 110 a Dapchi, ISWAP kuma ta ci gaba da kai hari a yankin Tafkin Chadi. A Disambar 2015 ne kuma sojoji suka yi arangama da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya, inda kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da mutuwar mutum sama da 300.

Wutar da ta fi cin Arewa a wannan mulki ita ce ta 'yan bindigar daji. Abin ya faro daga satar shanu da ramuwar gayya a Zamfara, ya bazu Katsina da Sakkwato da Kaduna da Kebbi da Neja, ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane don kuɗin fansa. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, Buhari yana Daura a lokacin. A 2021 aka yi na Kagara da Jangebe a Fabrairu, da na 'yan Islamiyyar Tegina a Mayu. A Afrilun wannan shekara gwamnan Neja, Abubakar Sani Bello, ya fito ya ce Boko Haram ta kafa tuta a Kaure cikin ƙaramar hukumar Shiroro.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro, musamman wajajen Katari da Rijana. Masu hali suka koma jirgin ƙasa, sai ga shi ranar 28 ga Maris 2022 an dasa wa jirgin bam, aka kashe wasu fasinjoji, aka tafi da sama da 60. Na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka dawo. A Yulin shekarar aka fasa gidan yarin Kuje.

Ga mai fataucin dabbobi, Satumban 2021 ne ya fi tsanani. Gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Neja suka rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako ko suka taƙaita safarar shanu, aka katse layukan waya a wasu yankuna, don a toshe wa ɓarayi hanyar sayar da shanun sata. Manufar tana da hujja, amma mai halal ma ya zauna babu ciniki, farashin nama kuma ya tashi a Kudu.

Tattalin arziki

Buhari ya hau a lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, kuma sai a watan Nuwamba ya rantsar da ministoci, kusan wata shida bayan hawansa. Tattalin arziki ya shiga karaya a 2016, ya sake shiga a 2020 lokacin korona. Litar fetur ta tashi daga kimanin naira 87 zuwa 145 a Mayun 2016. Dala a farashin gwamnati tana kimanin naira 197 da ya hau, ta kai wajen 460 da zai sauka, a kasuwar bayan fage kuwa ta haura 700. Hauhawar farashi ta tashi daga kusan kashi 9 cikin 100 zuwa sama da 22. Bashin ƙasa yana kimanin tiriliyan 12 a tsakiyar 2015, ya kai tiriliyan 87 a tsakiyar 2023 bayan an haɗa da rancen da gwamnati ta ci a Babban Banki.

Ga yadda waɗannan alƙaluma ke shiga farashin sa. Kaso mai yawa na shanun da ake yankawa a Kudu daga Nijar da Chadi da Kamaru suke shigowa, ta kasuwanni irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela da Mubi. Mai saniya a can da sefa yake lissafi. Duk ranar da naira ta faɗi, sai falke ya ƙara naira kafin ya sayi san da ya saya jiya. Tirela kuma gas take sha, wanda babu tallafi a kansa, kuma a 2022 litarsa ta tashi daga wajen naira 300 zuwa sama da 700. A ɗora kuɗin shingaye da harajin jihohi da na ƙananan hukumomi a hanya, a ɗora la'adar dillali. Kafin sa ya sauka a Oko-Oba ko karar Akinyele ko Lokpanta, kuɗinsa ya yi nisa. Mai saye a can kuwa ba ya ganin sefa ko gas, Bahaushen da ke gabansa yake gani.

A fannin noma, babban shirinsa shi ne bashin manoma na Anchor Borrowers da ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, wanda Babban Banki ya zuba wa sama da naira tiriliyan ɗaya. Noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, 'yar gida ta samu shiga kasuwannin Kudu. Sai dai farashin buhu bai sauko ba, ninkawa ma ya yi, kuma an sha fama wajen karɓo bashin. Akwai shirye-shiryen tallafi kamar N-Power da TraderMoni da ciyar da 'yan firamare. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a Afrilun 2019, an ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, an sa hannu kan dokar man fetur ta PIA a Agustan 2021.

A yaƙi da cin hanci an tilasta asusun bai ɗaya na gwamnati tun 2015, an gurfanar da manya, an ɗaure tsoffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye da Jolly Nyame, amma a 2022 gwamnatin ta yi musu afuwa. Masu suka sun daɗe suna cewa tsintsiyar ta fi sharar ɗakin 'yan adawa.

Ayyukan da ake gani da ido su ne jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016 (an faro shi tun gwamnatocin baya), na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Badun a 2021, da gada ta biyu a kan Kwara tsakanin Asaba da Anacha a Mayun 2023. An fara sake gina titin Abuja zuwa Kano a 2018. An ci ƙarfin ɓangaren Kaduna zuwa Kano, amma ɓangaren Abuja zuwa Kaduna, wanda ya ratsa Tafa, bai kammala ba har ya sauka.

Canjin kuɗi

Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekara.

Kasuwar dabbobi kasuwar tsabar kuɗi ce. Bafulatanin da ya kawo sa daga ruga sau da yawa ba shi da asusun banki, ba ya kuma yarda da taransifa, ga shi yawancin kasuwannin ƙauye sabis ɗin waya ba ya kamawa sosai. A makonnin nan naira ta zama haja, ana sayenta a hannun masu POS. Mai shayi da mai suya da ɗan acaɓa da mai gyaran takalmi a Kudu, waɗanda cinikinsu na ɗari biyu da ɗari biyar ne, su suka fi shan wuya, aike gida ma ya gagara.

Kiwo, da zaman Bahaushe a Kudu

Nan ne mulkin ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Rikicin manoma da makiyaya ya girmi Buhari, amma a zamaninsa ya zama maganar siyasar ƙasa, saboda shi Bafulatani ne kuma mai shanu. Duk harin da aka kai a gona, a Kudu da tsakiyar ƙasa ana cewa shugaba na kare danginsa. A Arewa kuma ana cewa ko jiharsa bai iya karewa ba.

Ekiti ta yi dokar taƙaita kiwo a 2016, ta Binuwai ta fara aiki 1 ga Nuwamba 2017. Gwamnatin tarayya ta kawo shirin Ruga a 2019, aka yi masa ca, ta dakatar da shi a farkon Yuli. Sai aka koma shirin zamanantar da kiwo na shekara goma, 2019 zuwa 2028, wanda bai yi nisa ba. Ranar 11 ga Mayu 2021 gwamnonin Kudu 17 suka hadu a Asaba suka amince da hana kiwon sake, jihohi da dama ciki har da Legas suka mayar da shi doka a shekarar. Buhari ya yi maganar farfaɗo da burtali, ya amince a duba gandun kiwo 368 a jihohi 25, maganar ba ta je ko'ina ba. Dalili kuwa yana cikin dokar mallakar ƙasa ta 1978: ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta. Shugaban ƙasa ba shi da ikon yanka fili a Oyo ko Inugu ya ce na makiyaya ne.

Matsalar ita ce a wurin mutane da yawa a Kudu, makiyayi da ɗan kasuwa da mai gadi duk sunansu ɗaya. Idan rai ya ɓaci, wanda ke kusa ake taɓawa. An yi rikicin Mile 12 a Legas a Maris 2016, da na Sabo a Ile-Ife a Maris 2017. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa, abin da ya jefa Hausawan Gabas cikin zullumi har aka janye shi. A ƙarshen zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 an ƙona motoci da dukiyar 'yan Arewa a Fagba. A Fabrairun 2021 aka yi na kasuwar Sasa a Badun, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje. Daga Agustan 2021 kuma dokar zaman gida ta ranar Litinin a Gabas ta ƙara wa direbobi da fatake haɗari.

Bayan Sasa, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta tsayar da kai kaya Kudu daga 25 ga Fabrairu 2021. Aka tare tireloli a Jebba. Cikin kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tsada a Legas, a Arewa kuma kayan gwari suka fara ruɓewa a hannun manoma. An janye ranar 3 ga Maris bayan sulhun da gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani. Wannan mako guda ya nuna wa kowa cewa asarar ba ta zaɓar ɓangare.

Hulɗa da ƙasashen waje

Tafiyarsa ta farko, a makonsa na farko, Nijar da Chadi ya je. An farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena, Najeriya ta yi alƙawarin dala miliyan 100. A rikicin Gambiya na 2016 zuwa 2017 yana cikin masu shiga tsakani, Najeriya kuma ta tura jiragen yaƙi cikin rundunar ECOWAS, har Yahya Jammeh ya bar mulki.

Da Amurka, ya gana da Barack Obama a Yulin 2015 da Donald Trump a Afrilun 2018. A zamanin Trump aka amince da cinikin jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, suka fara isowa a 2021. Shi dai Trump ɗin ne ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama a 2020. Daga Chaina aka samu rancen layukan dogo da yarjejeniyar musayar kuɗi ta 2018. Da Maroko aka ƙulla yarjejeniyar takin zamani a 2016, wadda ta sa aka sayar da buhu a kan naira 5,500 na wani lokaci. An karɓo kuɗin Abacha, dala miliyan 322 daga Suwizalan da miliyan 311 daga tsibirin Jersey ta hannun Amurka. A shekarun nan ne Amina Mohammed ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Ngozi Okonjo-Iweala ta zama shugabar Hukumar Ciniki ta Duniya, Mohammed Barkindo ya riƙe OPEC. An kuma rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban.

Matakin da ya fi taɓa Hausawa shi ne rufe boda. A Yulin 2019, a Yamai, Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Wata guda bayan haka, ranar 20 ga Agusta, aka rufe iyakokin tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fetur. Daga baya aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Wata goma sha shida ke nan. Masu casar shinkafa sun ci riba. Amma cinikin Maraɗi da Katsina, da na Ƙonni da Illela, da na Kwatano da Legas ya durƙushe, dangi ɗaya suka rabu gida biyu. Dabbobi ba su daina shigowa ba, sai dai ta daji, kuma kuɗin hanya ya ƙaru. A Ghana ma 'yan kasuwar Najeriya sun ga rufe shaguna a wannan tsakanin.

A gefe guda, shi ne ya aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284. A Kudu an soki aikin da cewa kuɗin Najeriya ake kai wa Nijar. Gwamnati ta ce so take kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwan Legas maimakon Kwatano da Lome.

Zaɓen 2023 da abin da ya bari

An yi zaɓen ranar 25 ga Fabrairu 2023, ana tsakiyar ƙarancin kuɗi. Bola Tinubu na APC ya samu 8,794,726, Atiku na PDP 6,984,520, Peter Obi na LP 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP 1,496,687. Buhari ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu ya koma Daura. A ranar ce magajinsa ya sanar da cire tallafin fetur, wanda Buhari ya yi ta ɗagawa bai cire ba. A Yulin 2024 aka kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta tarayya.

Masoyansa na nuna layin dogo da gada da shinkafa, da cewa bai nemi zarcewa ba. Masu sukarsa na nuna bashi da tsadar rayuwa da ƙauyukan da aka tashe su. Duka biyun suna da abin kafa hujja a cikin abin da na jero.

Abin da ni na fahimta, a matsayina na wanda abincin gidansu ke bin hanyar Kurmi, shi ne samun ɗan Arewa a Aso Rock bai zama katanga ga ɗan Arewa a Kudu ba. Wani lokacin ma fushin da ake yi da shugaba a kan mai tireda yake sauka. Dokar kiwo, dokar hana acaɓa, tashin kasuwa, rabon rumfuna, duk gwamna da majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma ne ke yanke su. Da yawanmu kuwa katinmu na Kano ne ko Sakkwato ko Neja, alhali shekara goma ko ashirin muna kwana muna tashi a Agege ko Sabo. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Legas, tazarar da ke tsakanin Obi da Tinubu ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Hukumar zaɓe tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune a duk lokacin da ta buɗe rajistar masu zaɓe. Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kara da na 'yan gwari ita ce su sa wannan cikin abin da za su riƙa tuna wa jama'arsu tun kafin lokaci ya ƙure. Allah Ya ba mu zaman lafiya a duk inda muke neman halal.